Molon Bahago: Wa Ya Fi Cancanta Ya Saya?

A ƙasar Tondikandiya da ta Kurfai, kamar sauran sassan Nijar, idan makaɗi ya rasu akan raba abin da ya bari: gona da dabbobi da tufafi da ƴan kuɗi in akwai. Abu guda ne kan rage a rataye jikin bango, ba wanda ya san yadda za a yi da shi, watau molonsa, ko gogensa, ko gurminsa. Haka nan idan tsufa ya kama makaɗi, ko ya ajiye sana'a don kansa. Hanyoyi uku ne ke gaban wannan kaya. Ko dai a bar shi nan gara ta ci icen, ɓera ya ci fatar. Ko a miƙa shi ga dillalin da ke bin kasuwanni yana tara tsofaffin kaya ya kai Yamai. Ko kuwa a nemi wani makaɗi a sayar masa.

Hanya ta ukun ita ce ta fi dacewa, kuma ita ce ya kamata magada da sarakuna da ma'aikatan hukuma su sauƙaƙa. Domin a gane dalili, ya kyautu a ɗauki misali mafi wuya, wato kayan kiɗin da bahago ya yi shekaru yana kaɗawa. Irin wannan kaya masu sonsa kaɗan ne, mai sayarwa yakan gaji da jira, dillali kuwa yana nan tsaye da kuɗi a hannu. Idan hujja ta tsaya a kan molon bahago, to ta tsaya a kan sauran.

Ƙasar da kayan kiɗinta

Damana ita ce cibiyar ƙasar Tondikandiya, a gundumar Filinge ta jihar Tillaberi. Tana cikin kwarin Dallol Boso, tsakanin Balleyara da Filinge. Zabarmawa ne suka fi yawa a nan. Arewa da su akwai Abzinawan Imanan a wajen Bonkuku, gaba kuma Kurfayawa masu magana da Hausa; kudu akwai mutanen Tagazar; Fulani kuwa suna kai da kawowa da dabbobinsu a tsakani. Da yake kasuwanni ɗaya ake ci, bukukuwa kuma ana gayyatar juna, kayan kiɗi ma sun ƙetare harsuna. Abin da Bahaushe ke kira molo, Bazabarme da shi ya san shi. Gogen da ake ji a Filinge ana jin ɗan'uwansa a Damana. Matan Abzinawa kuma suna da nasu gogen mai suna imzad, wanda hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2013, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya.

Duk wanda ya dubi waɗannan kaya da idon ɗan kasuwa zai ga ba su da tsada. Molo ice ne da aka fafe kamar ƙaramin jirgin ruwa, aka rufe bakinsa da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura masa tsirkiya uku. Gurmi ɗan duma ne da fata da doguwar sanda. Goge rabin ƙwarya ce da fatar guza, da tsagiyar wutsiyar doki. A da tsirkiyar molo ma da gashin doki ake murɗa ta, yau kuwa galibi zaren roba na kamun kifi ake sawa. Ba zinariya a jikinsu, ba azurfa.

Amma a ƙasar Zabarma molo shi ne abokin tafiyar jasare, wato masanin da ke riƙe da asalin gidaje da labarin mayaƙa da sarakuna. Jasare yana fara koyo tun yana yaro a gaban mahaifinsa, ya yi shekaru yana haddar sunayen kakanni, kowane jarumi kuma da taken da ake kaɗa masa a molo. Masu sauraron gidan rediyon ƙasa sun san muryoyin Kulba Baba da Jado Seku da Jeliba Baje. Na ƙarshensu ya rasu a shekarar 2018, kuma da yawa suna ɗaukarsa a matsayin ƙarshen manyan jasare. Saboda haka idan ana maganar sayar da molo a wannan ƙasa, ana maganar inda za a ajiye mabuɗin wani ɗaki ne na tarihi.

Darasi daga banjo

Akwai wani abin kiɗi a Amurka da ake kira banjo, wanda ɗan'uwan molo da gurmi ne na jini. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karibiyan, da duma da fata da sanda, bisa abin da suka sani a gida. Masana sun nuna kamanninsa da ngoni na Mali, da halam na Sanagal, da akonting na mutanen Jola a Gambiya da Kasamas. Daga baya Turawa suka karɓe shi, aka maye gurbin duma da zoben katako da na ƙarfe, masana'antu suka shiga ƙera shi da yawa.

Banjon da makaɗan gargajiya na can suka fi amfani da shi yana da tsirkiya biyar. Huɗu dogaye ne, suna kaiwa har ƙarshen sanda. Ta biyar gajera ce, ƙusar da ake murɗa ta da ita tana kafe a gefen sandar, kuma da babban yatsa ake taɓa ta. A nan matsalar bahago take. Idan ya juya banjon mai dama, gajerar tsirkiya takan koma ƙasa, inda babban yatsa ba ya kaiwa, ita kuwa ƙusar ba ta ciruwa daga inda aka huda mata. Tilas sai an ƙera masa sanda ta daban, wadda komai nata yake a juye kamar hoto a madubi. Da yake bahagwai ba su wuce kimanin mutum ɗaya cikin goma ba, masana'antu kaɗan suke ƙerawa, sau da yawa ma sai mutum ya ba da saƙo ya jira.

Wannan ƙaranci wuƙa ce mai baki biyu. Bahagon da ke nema yakan daɗe bai samu ba, mai sayarwa kuma yakan daɗe bai ga mai saye ba. Shi ya sa cinikin irin wannan kaya ya fi tafiya ta hannun makaɗa su da kansu: wannan ya gaya wa wancan a wurin taro, malami ya tuna da almajirinsa bahago, labari ya bi ƙungiyoyinsu har ya kai ga mai bukata. Wanda ya yi haƙuri ya bi wannan hanya yakan sami mai sayen da ya san darajar abin, ya kuma biya da daɗin rai.

Tarihin banjo yana da bahagwai biyu da ya kamata a sani. A wani gidan ajiyar kayan tarihi na birnin Los Anjeles akwai tsohon banjo da ake dangantawa da Joel Sweeney, Baturen da ya yi suna da wannan kiɗi tun shekarun 1830 bayan ya koya daga baƙaƙen fata, kuma ƙirar hagu ce aka yi masa. Ga shi nan an adana, amma ba mai kaɗa shi. Ta biyu ita ce Elizabeth Cotten, baƙar fata daga jihar Karolina ta Arewa, wadda ta rasu a 1987. Bahaguwa ce, ba ta kuwa sami kayan hagu ba. Banjon yayanta ta riƙa ɗauka a juye, daga baya ta yi wa jita haka, har babban yatsanta ya koma yin aikin ƙananan yatsu, su kuma suka koma yin nasa. Daga nan wani salon kiɗi ya fito wanda ake kira da sunanta, kuma a 1985, tana tsohuwa tukuf, aka ba ta lambar yabo ta Grammy. Banjon da aka rufe a gidan ajiya ya tsira da jikinsa, salon matar nan kuwa har yanzu ana koyonsa, domin ya bi ta hannun mutane.

A wurin molo, hannu ne ke da wuyar samu

Idan aka dawo Dallol Boso, za a ga wani bambanci mai amfani. Molo ba shi da ƙusa. Sandarsa zagayayya ce, tsirkiyoyinsa kuma, waɗanda tsawonsu ba ɗaya ba ne, da ƴan igiyoyin fata ake ɗaure su, a tura sama ko ƙasa har murya ta daidaita. Bahago yana iya kwance su da yamma, ya sāke musu jeri a kan ɗan icen da ke ɗauke da su, wanda ake kira jaki, kafin dare ya raba molo ya zama nasa. Goge kuwa tsagiya ɗaya gare shi. Watau masu haɗa kayan kiɗi na wannan ƙasa sun warware matsalar da masana'antun Amurka suka ɗaure.

To, me ya sa molon bahago zai zama abu mai wuyar samu? Domin bahagon makaɗi shi kansa ba shi da yawa. A gidajen Hausawa da na Zabarmawa akan hana yaro ci da hagu, da miƙa abu da hagu, da gaisawa da hagu, kuma hanin yakan bi shi har zuwa rubutu da sana'a. Yaran da aka haifa bahagwai da yawa sun koma dama tun ba su yi wayo ba. Wanda ya tsaya a kan hagunsa har ya zama gwani ya sha faɗa a hanya, ya kuma koyi kiɗi ta wata fuska dabam: yana zaune gaban malaminsa yana kwaikwayonsa kamar mai duba madubi, yana nemo wa yatsunsa hanyar da ba wanda ya nuna masa. Molonsa yana ɗauke da alamar wannan wahala. Sandar ta yi santsi a gefen da ba a saba gani ba, fatar ta cinye a inda farcensa ke sauka, tsawon sandar an auna shi da damtsensa. Wani makaɗi yana ɗauka zai karanta duk wannan. Dillali kuwa tsohon ice kawai zai gani.

Nijar tana da shaida a kan abin da kayan hagu ke yi idan suka isa hannun da ya dace. Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da suna Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa ne kuma bahago. Jitarsa ta farko shi ya haɗa ta da kansa, da katako da wayar birkin keke. Daga baya wani Ba'amurke mai harkar faya-fayai ya kawo masa jitar hagu daga ƙasarsu. Da irin wannan jita ya zagaya Turai da Amurka, aka ji sunan Nijar a wuraren da ba a taɓa jinsa ba. A cikin yaran Damana da na Filinge ba a rasa bahagon da ke sha'awar molo yana jin kunyar faɗa. Molon tsohon bahago shi ne zai nuna masa cewa akwai wanda ya riga shi bin wannan hanya.

Inda kaya ke zuwa idan sun bar hannun makaɗa

Banjo mafi tsufa da ya rage a duniya yana birnin Laidin na ƙasar Holan. Wani soja mai suna John Gabriel Stedman ne ya samo shi a Surinam a shekarun 1770. Akwai wani kuma a gidan ajiyar kayan kiɗi na birnin Paris, wanda Victor Schoelcher, mutumin da ya jagoranci soke bauta a ƙasashen da Faransa ke mulki a 1848, ya kawo daga Hayiti a farkon shekarun 1840. Sunan wannan na biyun banza. Sunan ya yi kama da wata kalmar Hausa, ko da yake ba ita ba ce, amma abin ya daɗe a ɗakin ajiya ba a kula da shi ba, sai a ƙarshen ƙarni na 20 da farkon na 21 masana suka gane muhimmancinsa. Abin lura shi ne, an san sunan Stedman, an san na Schoelcher, an san shekarun da suka yi tafiya. Wanda ya fafe duman, da wanda ya kaɗa, da waƙar da aka rera da shi, babu wanda ya rubuta. Haka kuwa zai faru ga duk molon da ya bar Damana cikin buhun dillali. Zai ƙare a bangon wani ɗakin baƙi da ƴar takarda mai cewa daga Afirka ta Yamma ya fito.

Akwai kuma misalin ɗaya hanyar, a nan cikin Nijar. Biram abin kiɗi ne na Buduma masunta na tafkin Cadi, mai siffar jirgi da tsirkiya biyar. Lokaci ya zo da gwaninsa ɗaya ne ya rage, wani dattijo mai suna Bukar Tar. A shekarar 2002 Malam Maman Barka, malamin makaranta ɗan Tasker wanda ya riga ya yi suna da kiɗin gurmi, ya sami tallafin UNESCO ya tafi ya zauna wurin dattijon ya koya. Da ya ƙware, Bukar Tar ya danƙa masa biram ɗinsa. Maman Barka ya kai shi ƙasashen waje, faifansa ya fito a Ingila a 2009, ya ci gaba da kaɗa shi har rasuwarsa a watan Nuwamba na 2018. Da a ce wani mai tara kayan tarihi ya riga Maman Barka isa bakin tafkin da kuɗi masu yawa, da biram ya samu wurin zama mai kyau a cikin akwatin gilashi, da kuma babu mai jin muryarsa tun wancan lokaci.

Hujjar mai sayarwa

Mai karatu zai iya cewa: kaya na mai shi ne, gado kuma hakkin magada ne, wa ya isa ya faɗa wa gwauruwa mai ƴaƴa wanda za ta sayar wa? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba ta da sauƙin amsawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙasar Filinge ƙasa ce ta ƙarancin ruwan sama, inda rumbu kan ƙare kafin sabon hatsi ya nuna, samari kuma su tafi cin rani bakin teku. Tun daga shekarar 2017, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan arewacin jihar Tillaberi, rashin tsaro ya raba mutane da yawa da garuruwansu, ya kuma rage bukukuwan da makaɗi ke cin abinci da su. Wanda ya bar gidansa da abin da zai iya ɗauka a ka, ba a yi masa wa'azi a kan tarihi. Bugu da ƙari, makaɗan karkara talakawa ne. Abin da za su iya bayarwa sau da yawa bai kai na baƙo ba.

Akwai kuma wanda ya bar kiɗi saboda addini, yana so kayan su fita daga gidansa ko ta wace hanya. Akwai gogen da aka yi wa hidimar bori, wanda masu shi ba sa ɗaukarsa a matsayin kayan kasuwa ko kaɗan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hakkin a girmama ra'ayinsa.

Sai dai a duba abu biyu. Na farko, kuɗin da dillali ke bayarwa a ƙauye ba shi ne kuɗin da yake karɓa a birni ba. Magajin da bai san abin da ke hannunsa ba yakan sallama da farashin ice da fata, ribar tsufan kayan da sunan mai shi kuwa ta tafi aljihun wani. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Saboda haka sayar wa baƙo cikin gaggawa ba lalle ne ya zama shi ne ciniki mafi riba ba. Na biyu, ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa a ba wani fifiko a ciniki. Wanda zai sayar da gonar gado yakan fara yi wa danginsa tayi kafin ya kai ga bare, a shari'a ma akwai shuf'a, wadda ta ba abokin tarayya a gida ko gona damar ya riga kowa saye. Ba wanda ya ce wannan zalunci ne ga mai sayarwa. Abin da ake nema ga molo bai wuce haka ba: a fara yi wa makaɗa tayi, a ba su ɗan lokaci, in sun kasa mai kaya ya yi yadda ya ga dama.

Abin da za a iya yi

Aiki na farko na magada ne. Kafin a kira dillali, a sanar da sarkin makaɗa ko dattijon makaɗan yankin, a kuma ba da sanarwa a gidan rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci. In kayan na bahago ne a faɗa, domin wannan kalma ɗaya ita ce za ta tayar da mai bukata daga inda yake. A jira kasuwa uku ko huɗu. Idan makaɗi ya zo ba shi da kuɗi a hannu, ana iya yarda ya biya kashi-kashi, ko ya biya da damman gero bayan kaka, lokacin da aure ke yawa, hannunsa kuma yake da nauyi. A yi cinikin a gaban mai gari da shaidu, kamar yadda ake yi wa saniya.

Aiki na biyu na waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci ne, kuma ba wanda zai iya yinsa kamarsu, domin su ne ke zaune a garin, su ne kuma suka san mutanen. Kowane tsohon kayan kiɗi da zai sāke hannu, a rubuta masa takarda: sunan wanda ya haɗa shi, da irin ice da fatar, da sunan wanda ya kaɗa shi da na malaminsa, da hannun da yake kaɗawa da shi, da taken da aka san shi da su, da shekarar ciniki. A yi kofi biyu, ɗaya ta bi kayan, ɗaya ta zauna wurin mai gari ko ofishin magajin gari. Idan mai kayan yana da rai, a ɗauki muryarsa da wayar hannu yana kaɗawa yana bayani, a kuma ɗauki hoton yadda yatsunsa ke tafiya. Abin da Stedman da Schoelcher ba su yi ba, mai takardar shaidar yaƙi da jahilci yana iya yinsa da alƙalami ɗaya cikin rabin sa'a.

Aiki na uku na hukuma ne. Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970, wadda ta hana fataucin kayan al'adu ta ɓarauniyar hanya, tun a shekarar 1972. Ta kuma kafa doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 domin kare kayan tarihi da na al'adu. Amma doka tana kare abin da aka sani ne, molon da ba a rubuta ko'ina ba kuwa ba mai neman bayansa a kan iyaka. Ya kamata ƙananan hukumomin Tondikandiya da Filinge da Imanan su buɗe littafin rajista na makaɗan gargajiya da kayansu, su kuma ware ɗan abin da za a sayi irin wannan kaya da shi idan makaɗa sun kasa. Abin da aka saya kada a kulle shi a ofis. A ba da shi aro ga yaro mai koyo, a hannun malaminsa, da sharaɗin gyara da mayarwa. Kuɗin molo ɗaya bai kai abin da ake kashewa a liyafar taro guda ba.

Idan kayan ya tsufa har ba ya kaɗuwa, ko babu magajin hannu ko kaɗan, to akwai gidajen da aka kafa domin haka a Yamai. Gidan ajiyar kayan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, yana da sashen kayan kiɗi. Cibiyar koyar da kiɗi ta Alhaji Taya, da aka kafa a 1989, ita ma tana tara kayan kiɗin gargajiya, ga kuma ɗalibai a kusa da su. Can ya fi dacewa a kai shi, tare da takardarsa da muryar mai shi, a kuma biya magada hakkinsu. Wannan ita ce mafita ta ƙarshe, bayan an nemi mai kaɗawa an rasa.

Baƙon da ke son molo don ya rataya a ɗakinsa shi ma ba a kore shi ba. Masu haɗa sababbi suna nan, suna kuma bukatar ciniki. A nuna masa ƙofarsu, ya sayi sabo, mai sana'a ya sami na cefane, ya kuma sami dalilin koya wa ɗansa. Wannan fatauci ne mai albarka, ya kamata ma a ƙarfafa shi. Tsohon da ya yi shekara talatin a cinyar gwani shi ne ake roƙon a bar wa makaɗa.

Don tuwon gobe

Cikin shekara guda, 2018, Nijar ta yi rashin Jeliba Baje da Malam Maman Barka. Waɗannan an san su, jaridu sun rubuta, rediyo ya faɗa. A garuruwan Dallol Boso kuwa akwai dattawan da sunansu bai wuce kasuwa biyu ko uku ba, kowannensu da taken da shi kaɗai ya iya, kuma kayansu za su fito kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Magajin da ya jira wata guda, da mai garin da ya tsaya shaida, da ɗalibin yaƙi da jahilci da ya rubuta takarda, da magajin garin da ya buɗe rajista, su ne za su sa a ci gaba da jin molo a bikin aure a Damana bayan shekara ashirin, ko da dama ake kaɗa shi ko da hagu.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba na baya ikon riƙon amana.